Manhajar tubala da ɗan koyo: amsa ga wata ɗaliba a Damagaram

Wata ɗaliba mai karatun kwamfuta a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ce ta aiko da tambayar. Ta gina manhajar koya wa yara ba kwamfuta umarni, irin wadda ake jan tubala masu launi ana manna su da juna a maimakon rubuta layuka, kuma a kan Blockly, wani kayan gina irin waɗannan manhajoji, ta gina ta. Ranar Asabar takan tara yaran unguwarsu a Zango, daga ƴan CM1, wato aji biyar na firamare, zuwa ƴan ajin farko na koleji, a kan tsofaffin kwamfutoci da wayoyin aro. Ga abin da ta ce: "Da na buɗe musu sai su yi tsuru-tsuru. Wani ya ja tubali ɗaya ko biyu ya bari, wani ya ce in sa masa wasan mota. Ƴan matan kuwa baya suke komawa su zuba ido. Me zan ƙara mata, bidiyon koyarwa, ko maki da lambobin yabo, ko ƙarin tubala?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a aikin. Cikin abubuwa ukun da kika lissafa babu wanda zan ce ki fara da shi. Ragewa ce aikin da ke gabanki. Yaron da ya zauna gaban manhajarki cikin ƴan mintocin farko yake yanke shawarar ko zai sake da ita, kuma abu biyu yake auna wa ko da bai iya faɗarsu ba: na taɓa wani abu ya motsa saboda ni? In kuma na taɓa ba daidai ba, zan ɓata wani abu a yi mini faɗa?

Tsuru-tsurun da kika ambata na san inda yake fitowa. Google ta fitar da Blockly a 2012 a matsayin kayan gini ga masu rubuta manhaja, kuma yawancin masu gini a kansa sukan kwashi akwatin tubalan da ya zo cikin misalinsa yadda yake: rukunin sharaɗi, na maimaitawa, na lissafi, na rubutu, na jeri, na ma'ajiya, na ayyuka, sai farin fili fetal a gefe. Wannan tsarin kan wanda ya riga ya iya ne. Ke da kika yi shekaru a jami'a kina ganin waɗannan sunaye kin san me ke bayan kowanne. Yaro ɗan shekara goma bai zo neman jeri ko ma'ajiya ba, ya zo ya ga doki ya yi gudu. Kin ajiye masa ƙofofi bakwai a rufe da fili wayam, kin ce ya ƙirƙira. Babba ma sai ya yi shiru.

Ki buɗe Scratch, sanannen dandalin koya wa yara ba kwamfuta umarni da tubala, ki kalle shi da idon mai gini. Rukunin Mitchel Resnick a jami'ar MIT ta Amurka ne suka fitar da shi a 2007, kuma tubalan Scratch na yanzu, wanda ya fito a 2019, daga reshen Blockly ɗin da ke hannunki aka gina su. Abin da yaro ke tararwa in ya buɗe shi, kyanwa ce tsaye a tsakiyar dandali. Tubalin farko a saman jeri yana cewa a yi taku 10, goman kuma an riga an rubuta ta a ciki. Ba sai ya ja tubalin ba ma: ya danna shi nan inda yake, kyanwa ta gusa. Ba a tambaye shi komai ba, ba a karanta masa komai ba, ya taɓa, abu ya amsa. Da gangan aka yi haka. Malamin Resnick, wato Seymour Papert, wanda shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo, harshen ba kwamfuta umarni don yara, a 1967, ya daɗe yana cewa kayan koyon yara dole shigarsa ta yi sauƙi, kuma kada a ƙure shi da wuri. Resnick ya ƙara sharaɗi na uku, cewa hanyoyin cikinsa su yi yawa yadda mai son zane da mai son kiɗa da mai son labari kowa zai sami tasa. Na farkon ne ya kuɓuce miki, kuma shi ya fi arhar gyara.

Don haka manhajarki ta buɗe a kan ƙaramin aiki da ya riga ya kammala, mai tubala uku ko huɗu: doki ya yi taku, ya yi haniniya, ya juyo. Babban maɓalli guda na farawa. Yaro ya danna ya gani. Sai a ce masa, dokin nan bai yi nisa ba, sa shi ya kai bango. Zai nemi inda 10 take ya mai da ita 50, ko 500 don ya ga abin da zai faru, kuma a nan ya fara ba kwamfuta umarni ba tare da an yi masa shela ba. Haka ake koyon ɗinki a shagunan teloli na Kasuwar Dole: ba a miƙa wa sabon yaro shadda da almakashi ranar farko, rigar da aka riga aka yanka ake ba shi ya bi layi, ya sa maɓalli, ya farke inda ya karkace, sai hannunsa ya faɗa a bar shi ya yanka. Masu nazarin koyar da kwamfuta sun tsara wannan mataki uku: a yi amfani da aikin wani, a sauya shi, sannan a ƙirƙiri na kai. Akwai kuma dabarar da Dale Parsons da Patricia Haden suka bayyana a 2006, inda ake ba ɗalibi duk layukan da aiki ke buƙata amma a hargitse, shi kuma ya jera su daidai. Da tubala wannan ya fi daɗi. Ki warwatsa tubala biyar a fili, ki nuna masa abin da dokin ya kamata ya yi, ya harhaɗa. An ɗauke masa nauyin neman tubali, an bar masa tunanin me ke zuwa kafin me, wanda shi ne asalin darasin.

Akwatin tubalan kuma ki zazzage shi. A zaman farko tubala biyar ko shida sun isa, a baje a gefe ba tare da rukuni ba, kuma Blockly na ba da damar haka. Kowane gurbi ya zo da lamba ko kalma a cikinsa, ta hanyar tubalan inuwa da Blockly ke da su, don kada yaro ya ja tubali ya tarar da rami yana jiran abin da bai sani ba. Ƙungiyar Code.org da ta fara gangamin awa ɗaya na koyon kwamfuta a 2013 haka take yi, kowane mataki da ƴan tubalansa. Inda ban bi su ba shi ne yawancin matakansu wasan wasa ƙwaƙwalwa ne mai ƙofar fita guda, yaro ya gama ya wuce, bai riƙe komai da zai kira nasa ba. Ke ki rage tubalan amma ki bar ƙofar "ƙaro tubala" a buɗe, domin a kowane taro akwai mai rawar kai da zai so ya leƙa tun ranar farko, kuma bai kamata a tare shi ba.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi ba ƙarfi. Kwamfuta tana da sauri fiye da idon ɗan koyo. Ki ɗauki umarnin da kowa ke farawa da shi: maimaita sau 4, yi taku 100, juya digiri 90. Ana danna farawa murabba'i ya bayyana a cike. Yaro ya ga murabba'i, amma bai ga huɗun ba, bai ga juyawar ba, bai ga cewa tubala biyu ne suka yi ta zagayowa ba. Sai ya haddace siffar tubalan kamar laƙani, ranar da aka ce ya zana mai kusurwa uku ya tsaya cak. Ki rage gudun da gangan. Blockly na da hanyar haskaka tubalin da ke aiki a daidai lokacin da yake aiki, kuma Neil Fraser, wanda ya fara rubuta Blockly, ya rubuta wani ɗan inji mai suna JS-Interpreter da ke tafiyar da umarni ɗaya bayan ɗaya. Ki haɗa su. Tubalin taku ya yi haske, doki ya taka. Na juyawa ya yi haske, doki ya juya. Hasken ya koma sama, ƴar lamba a jikin tubalin maimaitawa ta tashi daga 1 zuwa 2. Ki sa maɓallin da ke tafiya taku ɗaya kawai a kowace dannawa, da wani na saurin gudu ga wanda ya gane. Idan lokacinki na wannan wata abu ɗaya kawai zai ɗauka, wannan za ki yi.

Kafin ma a kunna kwamfuta, ki fitar da su tsakar gida. A Logo wani ɗan kunkuru ne ke bin umarni yana zane, kuma a zamaninsa Papert yakan sa yara su zama kunkurun da jikinsu. A ja layuka a ƙasa da kara, yaro ɗaya ya zama doki, sauran su ba shi umarni, shi kuma kada ya yi komai sai abin da aka faɗa. Za a ce masa juya, ya tambaya ina. Za a ce tafi, ya yi ta tafiya har ya dungure da randa domin ba a ce taku nawa ba. Dariyar da za a yi a nan ta fi bayanin rabin awa, kuma ba ta cin wuta ko mega.

Wannan wasan zai nuna miki wani abu game da tubalanki. Dandalin Scratch faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, sifili a tsakiya, saboda haka hagu da ƙasa lambobi ne masu alamar ragi, har zuwa ragi 240 da ragi 180. Ɗan CM1 bai kai ga irin waɗannan lambobi ba, sai a koleji ake koyar da su. Digiri ma bai zauna masa ba tukuna. Ki fara da dandali mai gida-gida, taku ɗaya gida ɗaya, da "juya dama" da "juya hagu" masu kibiya a jiki. Digiri ya shigo ranar da yaro da kansa ya nemi juyawar da ba ta kai kwana cikakke ba, kuma ya shigo da da'ira mai kibiya da ake murzawa da yatsa.

Ana yabon tubala da cewa sun kawar da kuskuren rubutu, babu mance waƙafi, babu baka da ba a rufe ba, kuma siffarsu kan hana a cusa abu inda bai dace ba. Gaskiya ne. Sai dai sun zo da wata matsala da ta fi cin ran yaro, wato shiru. Ya danna farawa, babu abin da ya faru, babu wanda ya ce masa me ya sa. Mafi yawan lokaci tubalin ne ya tsaya kusa da ɗan'uwansa bai manne ba, tazarar ba ta kai faɗin farce ba. Ko kuwa ya jera komai daidai amma bai ɗora tubalin farawa a sama ba. Ko dokin ya fice daga dandali. A Scratch in yaro ya taɓa tubalin ɓoyewa, kyanwar na nan a ɓoye ko an tsayar an sake farawa, sai an kira tubalin bayyana. Sau da yawa na ji "Malam, ta ɓata!" daga yaron da ya riga ya janye hannunsa daga tebur yana jiran hukunci. A taki manhajar, tubalin da bai manne ba ya dusashe, Blockly na da wannan a shirye, kunna shi kawai za ki yi. Ki faɗaɗa tazarar da tubali ke fizgar ɗan'uwansa, ki bar ƙarar mannewar ta fito sarai. Ki sa maɓalli guda da ke mayar da doki tsakiyar dandali, a bayyane, da girmansa na asali. Maɓallin tsayarwa kuma ya yi aiki a kowane hali, domin ba makawa wani zai sa maimaitawa mara iyaka, kuma in ba ki ɗana mata tarko a cikin injin ba burauza za ta sandare, a kashe kwamfuta, aikin yara uku ya tafi.

In manhajar za ta yi magana, ta yi magana a kan tubali, ta ƙyale yaron. "Wannan tubalin bai manne ba tukuna, matso da shi sama." Kada ki sa jan rubutu da ƙarar gargaɗi. Yaranmu sun san ma'anar jan bik a littafinsu, kuma da yawansu sun koyi cewa wanda bai ɗaga hannu ba ba ya shan kunya. Ki sa maɓallin komawa baya babba, a fili, da kibiya mai lanƙwasa, domin babu yaron da ya san ana danna maɓalli biyu tare a warware kuskure. Ki nuna musu shi tun kafin su buƙace shi: ki goge aikin gaba ɗaya a gabansu, su yi salati, ki danna ya dawo. Daga ranar hannunsu zai saki.

Sai batun hannun kansa, wanda mu da muka saba muke mancewa. Ja da saki aiki uku ne a haɗe: danna, riƙe, motsa ba tare da ka saki ba. Na ga yarinya tana jan tubali, linzamin ya kai bakin tebur, ta miƙe tsaye tana bin sa da hannu a iska, domin babu wanda ya gaya mata ana ɗaga shi a mayar tsakiya. Ba ƙwaƙwalwarta ce ta gaza ba, amma ita haka ta fassara. Ki ba da hanya ta biyu: a danna tubali sau ɗaya ya je ya manne a ƙasan jeri da kansa. A waya wannan ya fi zama dole, inda yatsa ke rufe abin da yake ja, gilashi kuma sau da yawa a tsage. Ƙa'idar Android ita ce abin taɓawa kada ya gaza ma'auni 48 a kowane gefe, wato wajen milimita 9. Ki sauke OctoStudio, wadda mutanen Resnick suka fitar a 2023 musamman don waya kuma ba ta buƙatar intanet, da Pocket Code ta jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, ki ga yadda kowacce ta shawo kan ƙaramin gilashi.

Akwai tarkuna biyu da suka shafe mu mu ƴan ƙasashen da ke karatu da Faransanci, waɗanda masu gina waɗannan kaya ba su cika lura da su ba. Kwamfutocinmu allon madannansu na AZERTY ne, inda layin sama ba ya ba da lamba sai an riƙe maɓallin manyan baƙaƙe. Yaro ya danna 1 da 0, sai & da à su fito, gurbin ya ƙi karɓa, ya koma yadda yake. Ki sa allon lambobi ya fito a jikin gurbin, manya-manya, a danna da linzami ko yatsa. Na biyun ya fi ɓoyuwa. A makaranta an koya wa yaranmu rubuta rabi da waƙafi, 0,5. Gurbin lamba na Blockly yana ɗaukar waƙafi a matsayin abin raba dubbai irin na Ingilishi, ya share shi, sai 0,5 ta zama 5. Yarinya ta ce doki ya jira rabin daƙiƙa, ya jira daƙiƙa biyar, kuma ita ta rubuta daidai da abin da madam ta koya mata. Layi ɗaya ne gyaransa, ki mayar da waƙafi ɗigo kafin gurbin ya tace lambar.

Harshe kuwa, ki rubuta tubalan da Hausa, gajeru, da sigar umarni yadda ake aiken yaro: tafi, juya, jira, ce, maimaita. Ɗan CM1 yana iya karanta Faransanci da baki, amma karantawa daban, yin tunani a ciki daban, kuma bai kamata ya yi dako biyu a lokaci guda ba. Saƙonnin Blockly suna barin ki ajiye gurbin lamba a duk inda jimlar Hausa ke son sa, don haka ki gina jimlar daga Hausa, kada ki bi sahun Faransancin kalma da kalma. Ki gwada kowace kalma a bakin yaran, wadda suka yi ta tambayar ma'anarta ki sauya ta. Ki duba ko ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna fitowa a tsofaffin wayoyi, in kuwa akwatuna suke nunawa ki cusa rubutun Andika ko Noto a cikin manhajar. Maɓallin sauya harshe zuwa Faransanci ya kasance dannawa ɗaya, kuma kada aikin yaro ya goge in ya sauya, domin jarrabawa da karatun gaba suna nan suna jiransa. Ki naɗi muryarki ga kowane tubali, in an riƙe shi ya faɗi sunansa. Wannan zai taimaki wanda karatunsa bai nuna ba, da yaran da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci ne harshen gidansu, da almajirin da ajami ya fi zauna masa. Blockly ma na iya jera tubala daga dama zuwa hagu, in wata rana kin yi sha'awar yi musu na ajami. Launi kaɗai kada ya zama abin bambance rukuni, ki haɗa da alama, saboda akwai masu wahalar rarrabe launuka, ga kuma hasken rana a kan gilashi.

Wanda ya ce ki sa masa wasan mota kada ki ji haushinsa. Ya gaya miki abin da yake so ya gina. Ki ba shi kabu-kabu da titi da tubala huɗu ya sa maɓallan kibiya su tuƙa shi. Abin da ke cikin ma'ajiyar hotunanki yana gaya wa yaro ko da shi aka yi lissafi. Ki sa doki da kwalliyar hawan salla, raƙumi, kura, Gizo da Ƙoƙi, ɗan kokowa, mai tallan ƙosai, ki kuma bar su su ɗauki hoton zanensu da muryarsu su saka. Don koyar da maimaitawa cikin maimaitawa, ki zaga da su Birni su kalli zanen bangon tsofaffin gidaje, su nemo ɗan guntun da magini ya yi ta maimaitawa. In sun dawo, murabba'in nan nasu su maimaita shi sau 12 suna juya digiri 30 tsakanin kowanne, fure zai fito irin wanda ake zanawa da lalle. Don koyar da lissafi da ma'ajiya kuwa, wato gurbin da kwamfuta ke riƙe lamba a ciki, ban san abin da ya kai kuɗinmu ba. Doki ya tambaya dala nawa, yaro ya rubuta 35, a ninka da 5, doki ya ce sefa 175. Sai a ƙara sharaɗi: in ta kai dala 200, ya ce jika guda. Yarinyar da ke talla ta riga kwamfutar ba da amsa, kuma a karon farko ita ce ke duba ko inji ya yi daidai.

Wannan ya kawo mu ga ƴan matan da ke komawa baya. Rina manhajar da ruwan hoda ba zai matso da su ba. In yara huɗu suka taru a kan kwamfuta ɗaya, mai ƙarfin hali ne ke kama linzami, tarbiyyar gida kuma ta koya wa yarinya kada ta yi kokawar abu da namiji. Ki sa rabon a cikin manhajar kanta: yara biyu, ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na faɗin tubalin da za a ja, bayan minti biyar ƙararrawa ta kaɗa a yi musanya. In inji ne ya ce a sauya, babu gardama kuma babu kunya. A makonnin farko ki haɗa mace da mace. Ki tuna kuma ita ce za a fara aikowa a kira daga gida, don haka ayyukan su zama gajeru, waɗanda za a iya bari a rabi a dawo a tarar da su.

Tarar da su ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne a garin da wuta kan ɗauke ba sallama, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Kada ki dogara da maɓallin adanawa. Duk motsin tubali manhajar ta adana shi da kanta a ma'ajiyar burauza, wuta ta dawo yaro ya ga dokinsa inda ya bar shi. Ta yi aiki ba intanet bayan saukewar farko, ta kuma yi ƙanƙanta yadda za a tura ta waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Kada ki tare ƙofa da neman imel da kalmar sirri. Yaro ya zaɓi hoton dabba ya rubuta sunansa, shi ke nan ya sami aljihunsa a kwamfutar da yara goma ke rabawa.

Bidiyon koyarwa yana cin mega, yana kuma mai da yaro ɗan kallo a daidai lokacin da kike so ya zama mai yi. Abin da ya fi shi, ɗan hoton hannu mai motsi na daƙiƙa biyar da zai fito a kan tubalin da ake magana, ya nuna ja da mannawa, ya ɓace da zarar yaro ya yi. Maki da lambobin yabo kuwa ba na goyon bayansu a farkon tafiya. Suna sa a kwafi na kusa don a wuce, jerin gwanaye kuma yana sanar da na ƙarshe cewa shi ne na ƙarshe, alhali shi kike ƙoƙarin riƙewa. Ladan da na ga yana aiki shi ne yaro ya fitar da aikinsa a ɗan gajeren bidiyo, da sunansa a jiki, a tura ta WhatsApp zuwa wayar babarsa. A ƙarshen kowane zama kuma a ware minti goma kowa ya zaga ya taɓa aikin ɗan'uwansa.

Duk wannan shawara ce daga nesa, yaran Zango ne za su tace miki ita. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke hana amfani da ita. Ki samo yara biyar da ba su taɓa ganin manhajarki ba, uku mata, da izinin iyayensu. Ɗaya bayan ɗaya. Ki ce, sa dokin nan ya kai bango, ki koma bayansa da takarda. Ki rubuta minti nawa aka yi kafin wani abu ya motsa, ina ya fara dannawa, me ya danna bai amsa ba, a ina ya waiwayo ya kalle ki. Abu mafi wuya shi ne ki riƙe hannunki. Zuciyarki za ta ce ki karɓi linzamin ki nuna masa, kada ki karɓa. In ya tambaye ki, ki ce, kai me kake gani zai faru? Duk inda yara uku cikin biyar suka yi tuntuɓe, manhajar za a gyara.

Saura sharaɗin Papert na biyu, kada a ƙure ta da wuri. Wata rana wani yaya a fadar hirar samari zai ce wa ƙanensa wannan ai wasan yara ne, masu kwamfuta na gaske rubutu suke yi. Blockly na iya juya tubala zuwa rubutattun harsunan kwamfuta, wato JavaScript da Python da PHP da Lua da Dart, kuma MakeCode ta Microsoft tana barin ɗalibi ya riƙa kai da komo tsakanin tubala da rubutu. Ki sa ɗan maɓalli a kusurwa da ke buɗe Python ɗin aikin yaro a gefe, layin da ke aiki yana haske tare da tubalinsa, na kallo kawai da farko. Ƴan CM1 ki bar musu shi a rufe. Ɗan kolejin da ya fara hamma shi za ki nuna wa, ki ce ya sauya lamba a tubali ya nemo inda ta sauya a rubutun.

In kin yi gwajin da yaran biyar, ki aiko mini da abin da kika rubuta a takardar, mu duba tare wanne za a fara gyarawa kafin Asabar ta gaba.